Yadda ake auna ɗan ƙwallon kwando kafin zaɓen NBA

A daren 23 ga watan Yunin 2016, ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, sun zaɓi sababbin 'yan wasa 60 a birnin New York, amma har aka tashi ba a kira sunan Fred VanVleet ba.

Matashin, mai shekaru 22 a lokacin, ya yi shekaru huɗu yana wasa a jami'ar Wichita State, kuma sau biyu ana ba shi lambar gwarzon shekara a rukunin jami'o'in da suke fafatawa a ciki. Ya tara 'yan uwa da abokan arziki a garinsu Rockford domin su taya shi murna, aka watse ba labari.

Bayan 'yan makonni ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada ta ɗauke shi a kan gwaji. Mutumin da ke riƙe da ragamar ƙungiyar a wancan lokaci shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, kuma a can ya fara riƙe ƙwallon kwando.

A shekarar 2019 VanVleet ya ci maki 22 a wasan da ya ba Toronto kofin NBA na farko a tarihinta. A 2023 kuma ƙungiyar Houston Rockets ta ba shi kwantiragin shekaru uku a kan kimanin dala miliyan 130.

Abin tambaya a nan shi ne, me masu farautar 'yan wasa ke dubawa a jikin ɗalibin jami'a kafin su ce zai kai labari a gasar ƙwararru? Kuma me ya sa duk da kuɗi da ƙwarewar da ake zubawa a wannan aiki ake ci gaba da yin kuskure?

Yadda zaɓen yake

Ba kamar ƙwallon ƙafa ba, inda mai kuɗi ke sayen wanda ya ga dama, a NBA layi ake bi wajen ɗaukar matasa. A kowane watan Yuni ana yin zaɓen da ake kira diraf, zagaye biyu, kowane zagaye da gurbi 30.

Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ke da damar fara zaɓe, ko da yake tun daga 1985 ana jefa ƙuri'a kan guraben farko don kada wata ƙungiya ta riƙa faɗuwa da gangan. Tun daga zaɓen 2006 kuma, wajibi ne ɗan wasa ya cika shekaru 19 a shekarar da za a zaɓe shi.

Jami'o'i fiye da 350 ne ke wasa a babban rukunin gasar jami'o'in Amurka, kowace da 'yan wasa fiye da goma, ga kuma matasan Turai da Afirka da sauran sassan duniya da ke neman waɗannan gurabe 60.

Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekaru biyu. Ga ƙungiya kuwa, zaɓe ɗaya mai kyau kan iya riƙe ta shekaru goma, mummuna kuma kan yi awon gaba da kujerar shugabanta.

Aikin mai riƙon ƙwallo

A cikin 'yan wasa biyar da kowane ɓangare ke sakawa a fili, biyu ana kiransu gad, kuma galibi su ne mafi gajarta.

Na farko shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya tsara hari, ya raba wa abokansa. Tamkar madugu ne a cikin ayari: shi ke sanin lokacin sauri da lokacin dakatawa. Na biyu kuma babban aikinsa jifa daga nesa da kutsawa zuwa kwando, ko da yake a wasan zamani ayyukan biyu sun cakuɗe.

Dogon ɗan wasa mai tsawon mita 2.10 ba ya da wuyar ganewa, domin mutane irinsa kaɗan ne a duniya. Masu tsawon mita 1.85 kuwa ba su ƙirguwa, kuma abin da ke bambanta su da juna ba ya fitowa a kan ma'auni. Shi ya sa auna mai riƙon ƙwallo ke cikin ayyuka mafiya wuya a wannan sana'a.

Daga Zariya zuwa Toronto

An haifi Masai Ujiri a Bournemouth ta Ingila a 1970, iyayensa suka komo da shi Najeriya yana ƙarami, ya girma a Zariya. Kamar sauran yaran garin, ƙwallon ƙafa ya fara bugawa, sai da ya kai kimanin shekaru 13 ya koma ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Shi ma gad ne. Ya yi wasa a kwalejin Bismarck State da ke jihar Dakota ta Arewa, daga nan ya yi 'yan shekaru yana neman abinci a ƙananan ƙungiyoyin Turai. Bai taɓa taka filin NBA a matsayin ɗan wasa ba.

A 2002 ya fara yi wa ƙungiyar Orlando Magic farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba, da kuɗin aljihunsa yake yawo. Daga nan Denver Nuggets ta ɗauke shi aiki, ya koma Toronto, sannan a 2010 Denver ta naɗa shi babban manajanta, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a NBA.

A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara, kuma a shekarar ya sake komawa Toronto, inda ya zauna har zuwa watan Yunin 2025. Zaɓuɓɓukan da aka yi a ƙarƙashinsa, waɗanda suka yi kyau da waɗanda suka ɓaci, sun isa su nuna yadda wannan awo ke tafiya.

Yawan maki na iya ruɗi

Abu na farko da mai kallo ke gani shi ne maki nawa yaro ke ci a kowane wasa, kuma shi ne abin da ƙwararru suka fi yi wa taka-tsantsan.

Dalili shi ne wasan jami'a daban, na NBA daban. A jami'a minti 40 ake yi, ana kuma ba ƙungiya daƙiƙa 30 ta kai hari. A NBA minti 48 ne, daƙiƙa 24. Ɗalibi kan buga wasa talatin da 'yan kai a kaka guda, ƙwararre kuwa wasa 82 ke jiransa kafin ma a shiga zagayen fitar da gwani.

Layin da ake jifar maki uku ma ya fi nisa: mita 7.24 daga kwando a NBA, alhali a jami'a mita 6.75 ne tun daga 2019, kafin nan ma mita 6.32 ne.

A zaɓen 2011 ƙungiyar Sacramento Kings ta tashi da masu riƙon ƙwallo biyu a dare ɗaya. Jimmer Fredette na jami'ar Brigham Young, wanda ke cin maki 28.9 a kowane wasa, ya fi kowa a faɗin ƙasar, shi aka ɗauka a gurbi na 10. Isaiah Thomas na jami'ar Washington, mai tsawon mita 1.75, shi ne na 60, wato na ƙarshe.

Fredette bai wuce maki shida a kowane wasa ba a zamansa na NBA, daga baya a ƙasar Sin ya yi suna. Thomas kuwa a kakar 2016 zuwa 2017 ya riƙa ci wa Boston Celtics maki 28.9 a kowane wasa, daidai da abin da Fredette ya ci a jami'a.

A jami'a an gina ƙungiya ne kacokan a kan Fredette, ƙwallo a hannunsa take yini. A NBA ya tarar da masu tsaro da suka fi shi tsawo da sauri, kuma ba wanda zai sakar masa ƙwallo haka. Saboda haka tambayar masu farauta ita ce ta yaya aka ci makin, a kan wa aka ci, kuma me yaron zai iya yi in aka rage masa ƙwallo.

Hannu

A wasan yau, mai riƙon ƙwallon da ba ya iya jifa daga nesa ya zama kaya ga abokansa, domin mai tsaronsa zai ja baya ya cushe hanyar sauran.

To sai dai alƙaluman jifar maki uku na kaka guda ba su cika faɗin gaskiya ba, saboda jifar ba ta da yawa, kuma sa'a na iya shiga ciki. Don haka ake haɗawa da jifar fanareti, wadda ake yi a tsaye daga wuri ɗaya ba tare da mai tsaro ba. Nisanta ɗaya ne a jami'a da NBA, don haka ta fi nuna ainihin laushin hannu.

Markelle Fultz, wanda Philadelphia ta ɗauka a gurbi na ɗaya a 2017, yana zura kashi 41 cikin ɗari na jifarsa ta maki uku a jami'a, amma a fanareti kashi 65 kawai yake samu. A NBA jifar nesa ta gagare shi, ko da yake ciwon kafaɗa da ya same shi ya taka muhimmiyar rawa.

Stephen Curry kuwa ya fito ne daga ƙaramar kwalejin Davidson, ana kukan ba shi da jiki. A 2009 Minnesota ta ɗauki masu riƙon ƙwallo biyu a jere, Ricky Rubio da Jonny Flynn, a gurbi na biyar da na shida, ta bar wa Golden State shi a na bakwai. Tun daga watan Disambar 2021 ba wanda ya kai shi yawan jifar maki uku a tarihin gasar.

Kazalika ana lura da yadda jifar ke fita: shin sai an miƙo masa yana tsaye, ko kuwa yana iya tsayawa cak daga gudu ya jefa? Tsawon wane lokaci ƙwallo ke yi a hannunsa kafin ta tashi?

Kai

Ma'auni na biyu shi ne shawara. Ana kwatanta yawan ƙwallon da ya miƙa aka ci da yawan wadda ya ɓarar ga abokan hamayya. Wanda ke miƙa biyu ya ɓarar da ɗaya ana ganin ya yi daidai. A shekararsa ta biyu a Wichita State, VanVleet na miƙa kusan huɗu kafin ya ɓarar da ɗaya, kuma a kakar ƙungiyarsa ta ci wasa 35 a jere.

Akwai kuma wata dabara da ita ce ƙashin bayan hari a NBA. Wani ƙaƙƙarfan abokin wasa zai zo ya tsaya kamar katanga a gaban mai tsaro, mai ƙwallo ya zagaya ta bayansa. A cikin ƙiftawar ido sai ya yanke hukunci: ya jefa, ya kutsa, ya miƙa wa mai katangar da ya ruga kwando, ko ya cilla wa wanda aka bari shi kaɗai a lungu.

Masu farauta kan zauna da faifan bidiyo su kalli irin wannan yanayi ɗaya bayan ɗaya, suna duba ko yaron na hango abin da zai faru ko kuwa sai ya faru yake gani. Ana iya gyara hannu da atisaye, amma wannan hange yana da wuyar koyarwa ga wanda ya riga ya girma.

Tsawo da gaba

A kowane watan Mayu ana gayyatar fitattun matasa zuwa Chicago, a auna tsawonsu ba takalmi, da nauyinsu, da tsallensu, da saurinsu. Awon da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da Bahaushe ke kira gaba, wadda ake auna igiya ko zurfin rijiya da ita, wato daga yatsan wannan hannu zuwa na wancan idan an buɗe hannuwa.

Gaba mai tsawo na taimaka wa ɗan wasa ya tare hanya, ya fizge ƙwallo, ya tsare wanda ya fi shi tsawo. Wannan na da muhimmanci saboda a manyan wasanni abokan hamayya kan nemi mafi rauni a tsaro su yi ta kai hari ta wajensa har sai kocinsa ya fitar da shi.

Norman Powell na jami'ar UCLA misali ne. Tsawonsa kimanin mita 1.93 ne, gabarsa kuwa ta kai mita 2.11. Jifarsa ta nesa ba ta burge kowa ba a jami'a, shi ya sa ya kai gurbi na 46 a 2015 kafin Toronto ta same shi. Ta yi caca ne a kan tsaronsa da ƙwazonsa, daga baya ya zama mai zura kusan kashi 40 cikin ɗari na jifarsa ta maki uku.

VanVleet kuwa a nan ya faɗi. Tsawonsa bai wuce mita 1.83 ba, ba shi da doguwar gaba, ba shi da tsalle. Abin da ma'auni bai nuna ba shi ne ƙarfin ƙirjinsa da saurin hannunsa. A wasannin ƙarshe na 2019 shi aka ɗora wa bin Stephen Curry sau da ƙafa.

Shekaru, hali da lafiya

Idan ɗan shekara 19 da ɗan shekara 22 suka yi kunnen doki a alƙaluma, ƙaramin ake ɗauka, bisa tunanin cewa yana da sauran girma. Wannan tunani na da tushe, amma yakan sa a raina wanda ya kammala karatunsa. Jalen Brunson ya ci kofin jami'o'i sau biyu da Villanova, a 2016 da 2018, amma sai a gurbi na 33 aka ɗauke shi, daga baya ya zama jagoran New York Knicks.

Likitocin ƙungiyoyi kan binciki gwiwa da idon sawu da baya da zuciya, kuma rahotonsu kaɗai kan iya sauko da yaro gurbi goma. Ana kuma zama da shi a yi masa tambayoyi, a tuntuɓi tsofaffin masu horar da shi da abokan wasansa, domin a san yadda yake karɓar gyara da yadda yake idan aka ajiye shi a benci.

A nan ma labarin VanVleet na da darasi. Wasu ƙungiyoyi sun nuna za su ɗauke shi a zagaye na biyu da sharaɗin ya zauna a ƙaramar gasa a kan ɗan albashi, ya ƙi, ya gwammace ya zaɓi inda zai je ya gwada kansa. A Toronto ya karɓi zama a ƙaramar ƙungiyarta ta Raptors 905, suka ci kofin ƙaramar gasar a 2017 tare da Pascal Siakam ɗan Kamaru.

Gwani ma na kuskure

A zaɓen 2020 Toronto na da gurbi na 29, ta ɗauki Malachi Flynn na jami'ar San Diego State, ƙaramin mai riƙon ƙwallo, mai natsuwa, mai tsaro. Mutane da dama sun ga kamannin VanVleet a tare da shi. Amma masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Wanda aka kira bayansa, a gurbi na 30, shi ne Desmond Bane na jami'ar TCU. Ya zura kashi 43 cikin ɗari na jifarsa ta nesa a shekaru huɗu, amma an yi masa tsegumi biyu: shekarunsa 22, kuma gabarsa ba ta kai tsawonsa ba.

Flynn bai samu gindin zama a Toronto ba, aka miƙa shi New York a ƙarshen 2023. A shekarar ce Memphis ta ba Bane kwantiragin shekaru biyar a kan kusan dala miliyan 200.

Bisa ga dukkan alamu, kowane ma'auni na rage duhu ne kawai, ba ya kore shi. Akwai kuma abin da ba ya hannun mai farauta: kocin da yaron zai tarar, da ko akwai gurbi a gabansa, da ko jikinsa zai jure.

Gabe Vincent, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ji ciwo a gwiwa a jami'ar California da ke Santa Barbara, ba a zaɓe shi ba a 2018. A watan Yulin 2021 ya ci maki 21 lokacin da Najeriya ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas, a 2023 kuma yana cikin biyar ɗin farko na Miami Heat a wasannin ƙarshe na NBA.

Ina matasan arewa?

Tun daga Hakeem Olajuwon, wanda aka ɗauka a gurbi na ɗaya a 1984, akasarin waɗanda suka tashi a Afirka suka shiga NBA dogaye ne. Masu riƙon ƙwallo 'yan asalin Najeriya, irin su Vincent da Victor Oladipo da Josh Okogie, a Amurka suka girma.

Dalilin a bayyane yake. Dogon yaro na iya fara wasa yana ɗan shekara 15 ya kamo, saboda tsawonsa na rufa masa asiri. Mai riƙon ƙwallo kuwa sai ya fara tun yana ƙarami, ya samu fili mai kyau da koci da gasa a kai a kai, domin hannu da hange ba sa zuwa dare ɗaya.

Shi ya sa gidauniyar Giants of Africa, wadda Ujiri ya kafa da abokansa a 2003, ta ɗauki alƙawari a 2021 na gina filaye 100 a nahiyar. NBA ta buɗe makarantar horar da matasa a Senegal, ta kuma fara gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali a 2021. A arewacin Najeriya, Zariya da Kano da Kaduna na da tsohon tarihi a wasan, kuma ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta sha lashe gasar ƙasa.

Ga yaron da ke Gummi ko Anka ko Bukkuyum, matsalar farko ita ce fili da koci, ta biyu kuma a gan shi. Akwai kuma takardu biyu da iyaye kan yi sakaci da su. Ɗaya takardar haihuwa ce ta gaskiya, tunda shekaru na cikin abin da ake aunawa, kuma ƙarya a nan kan rushe komai. Ɗayar kuma sakamakon jarrabawar kammala sakandare ce, domin jami'o'in Amurka ba sa barin ɗalibi ya yi wasa sai ya cika sharuɗɗan karatu.

Gurabe 60 ne kawai a shekara, don haka mafi yawan masu ƙoƙari ba za su samu ba. Sai dai wasan na da wasu ƙofofi, kama daga karatu kyauta zuwa gasannin Turai da Afirka, da horarwa, da farautar 'yan wasa. Yaron Zariya da bai kai NBA da ƙafafunsa ba, ta wannan ƙofa ta ƙarshe ya shiga, kuma shi ne shugaban ƙungiyar da ta ɗauki kofi a 2019.